Takardun Jikin Firij

Humaira ta cika min firij da ƙananan takardu masu ruwan ɗorawa, har sai na ɗaga wata kafin in kama mariƙin ƙofar. Kowace takarda da kalmar Turkanci a sama, fassararta da Ingilishi a ƙasa. Derin, wai mai zurfi. Bilge, wai mai hikima. Yoğun kuwa abu mai tsanani ne, inji ta. Ɗiyar da na haifa a nan Lewisham, cikin birnin Landan, wadda tun tana firamare in na yi mata Hausa sai ta mayar min da Turanci, ita ce ta zama ɗalibar harshe saboda Kerem, saurayinta Baturke.

Ban ƙi Kerem ba. Yaro ne mai ladabi, yana sallah, yana cin tuwo da hannu. Abin da ke ƙona min rai daban ne. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Zariya aka yi mata aikin ido, kuma likita ya riga ya ce jikinta ba zai ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. In ta koma, ta koma ke nan. Burinta ɗaya ta ji jikarta ta yi mata magana da bakinta, ba ta bakina ba. Tun zuwanta ni ce tafinta a gidana: Inna ta yi magana, Humaira ta ji sarai, ta juyo gare ni ta ce, "Mum, tell her," ni kuma in juya.

Wata rana Inna ta tsaya gaban firij tana shafa takardun. Ba ta karanta boko.

"Saudatu, yarinyar nan koyon magana take yi ko? Ina jin ta a ɗaki tana ta maimaita abu."

"Koyo take yi, Inna."

"Allah sarki. Kunyata take ji, so take sai bakinta ya nuna sannan ta yi min. Kada ki matsa mata."

Na haura sama na sami Humaira da waya a kunne tana nanata derin, derin, kamar mai bitar hadda. Na ce mata kakarta fa ta ɗauka Hausa take koyo. Ta ce za ta gwada, amma bayan zuwan iyayen Kerem, don yanzu kanta ya cika. Kai ya cika! Kan da ya ɗauki kalmomin firij guda ya rasa inda zai ajiye "ina kwana".

Ranar Lahadi iyayen Kerem suka zo neman aure bisa al'adarsu, da furanni da alewa. Humaira ta dafa gahawa, ta barbaɗa gishiri a kofin saurayin kamar yadda suke yi, ya shanye bai yamutsa fuska ba, aka yi ta dariya. Maigidana Maharazu ya karɓe su da fara'a. Inna ta sha sabon mayafi, ta zauna a kujerar kusa da hita mai ɗumama ɗaki, idonta a kan jikarta.

Sai Humaira ta miƙe ta dafa kafaɗar Inna, ta fara gabatar da ita. Turkanci ya yi ta zuba. Na tsinci bilge, na tsinci derin, don ni ma firij ya koyar da ni. Ta koma Ingilishi don mahaifinta: kakarta mace ce profound, wise, kuma ƙaunar da take mata intense ce. Uwar Kerem har da share hawaye. Zurfin da ba ta taɓa leƙawa ba, hikimar da ba ta taɓa zama ta saurara ba, su take rabawa baƙi a falona.

Inna ta yi ta murmushi har aka gama tafi. Sannan ta jawo hannuna.

"Wannan na baƙi ne ko? To yanzu za ta yi min nawa da Hausa?"

Ko wanda bai ji Hausa ba ya ga fuskar Inna. Humaira ta kalle ni.

"Mum, tell her..."

"Ba zan faɗa ba. Na yi retire daga yau. Kin ji ta da kunnenki, ga ta ga ki."

"Mum, please."

"Saudatu, a gaban baƙi?" inji Maharazu, murya ƙasa-ƙasa.

"A gabansu ta yabe ta, a gabansu za ta gaishe ta."

Humaira ta juya wajen Inna. Wadda ta gama zuba jawabi da harsuna biyu ta koma tana murza gefen mayafinta. Can ta durƙusa.

"Inna... sannu."

Shi ke nan. Ba ta ƙara ko harafi ba. Amma Inna ta rungume ta tana sa mata albarka, tana cewa, "Kun ji ko? Na faɗa muku koyo take yi!"

A satin Inna ta koma Zariya. Takardun suna nan jikin firij, har an ƙara sababbi. Jiya ƙanwata Rashidatu ta kira ni daga Zariya tana tambaya ko da gaske ne Humaira ta iya Hausa, don duk wanda ya shigo gaishe da Inna sai ta ba shi labari. Wai har kwaikwayon muryarta take yi, ta ce "Inna, sannu," ta yi dariya, ta sake faɗa.

Na ajiye wayar, na yi kuka don haushi.