Facin Kafaɗar Mai Lema

Likita ta ɗaga kwat ɗin da hannu biyu, ta duba gabansa, ta duba bayansa, sannan ta shimfiɗa shi a kan teburin yanka a hankali, kamar mai kwantar da mara lafiya.

"Baba Tela, ɗinki ya yi kyau," in ji ta. "Sai dai ba shi ba ne."

Baba Tela ya sauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki, ya dube ta ta saman tabarau. Shekara talatin da bakwai yana zaune a shagon nan, kunnensa bai taɓa jin wannan magana ba. Ita kuwa ba baƙuwa ba ce, likitar haƙori ce a ƙarshen layi, ita ta cire masa haƙorin da ya hana shi sakat bara. Mako biyu da suka wuce ta kawo masa hoton wani jarumin wasan bidiyo da ake kira Mai Lema, ta ce irin kwat ɗinsa take so. Gobe da safe masu buga wasan za su yi taro, kowa zai sa kayan gwaninsa.

"Me ya same shi, 'yata?"

Ta ɗauko hoton ta ajiye kusa da kwat ɗin. "Dubi nan. Hannun dama a gwiwar hannu ya tsaya, na hagu ne dogo. Gefen hagu ya sauka har ƙwauri, na dama iyakarsa gwiwa. Ga kuma faci a kafaɗa. Ina suke?"

"Na gyara masa," in ji Baba Tela. "Wanda ya zana hoton nan ba tela ba ne. Hannu ɗaya ya fi ɗaya, ƙasa a karkace, ga faci da ɗinki kamar sawun kaza. Ni zan fitar da wannan daga shagona a ce aikina ne?"

Likita ta danne dariyarta, don tana ganin girmansa. "Ba komai, Baba. Ƙarfe biyar zan tashi daga aiki, zan biyo. In bai yiwu ba, sai in tafi da kayana na gida."

Da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Tana fita idonsa ya kai kan ƙusar da ke bango, sama da dutsen guga. Maigidansa da ya koya masa sana'a ne ya kafa ta, don rataye kayan da masu su suka ƙi karɓa. Tun ranar da shagon ya dawo hannunsa ba a taɓa rataya ko hankici a kanta ba. Har tsatsa ta yi, shi kuwa yana alfahari da tsatsar.

Sai ga kan Injiniya ya leƙo. Shi ne mai gyaran talabijin da waya a shagon da ke manne da nasa, katako ne kawai ya raba su, don haka babu sirri tsakaninsu. Sa'an ƙanen Baba Tela ne, amma bakinsa ba ya sanin haka.

"Yaya, na ji an ce yau ƙusa za ta yi baƙo."

"Koma kan wayoyinka."

"Ka taɓa ganin mutumin cikin hoton yana tafiya kuwa? Ka ɗinka wa mutum riga ba ka ga yadda yake motsi ba?"

Wannan ta shige shi, domin maganarsa ce aka mayar masa. Shi ne ba ya auna mutum sai ya sa shi ya yi taku uku, ya zauna, ya miƙe. Ya rataya tef a wuya, ya bi Injiniya yana gunaguni a kan manya da gemu masu ɓata rana wajen wasan yara.

Shagon Injiniya warin dalma yake yi. Ya kawar da wata fanka da aka farke cikinta, ya ba Baba Tela kujera, ya kunna na'urar wasan da yake gwada talabijin da ita.

"Wasan Mai Lema kashi huɗu ne," in ji shi. "Ga na ɗaya."

Wani mutum ya bayyana a kan gada, riƙe da lema, dodanni sun kewaye shi. Ya zare takobi daga cikin sandar lemar ya hau sara. Baba Tela bai kalli dodannin ba ko sau ɗaya.

"Wannan ba kwat ba ne, buhu ne. Ko iska ba ta kaɗa shi. Wuce."

Aka sa na biyu. Ya kalla na minti ɗaya.

"Wanda ya ɗinka wannan kafinta ne. Dubi kafaɗa kamar akwati."

"Na biyu dai kowa ya tsane shi," in ji Injiniya. "Har waɗanda suka yi shi ba sa son a tuna musu. Amma bari ka ga na huɗu, shi ne sarki."

A na huɗu komai walƙiya yake yi. Baba Tela ya matso da fuska ya ƙirga da yatsa. "Maɓalli goma sha takwas, zif uku, ga sarƙa. In fitsari ya kama shi fa? Wannan yaron ya samu duniya ne ya lalace. Ina wanda ke cikin hoton?"

"Na uku ke nan. Tsoho ne, hotonsa ma bai fita sosai ba. Karɓi, ka buga da kanka."

Ya damƙa masa abin dannawa. Baba Tela ya riƙe shi nesa da jiki kamar an ba shi jaririn wani. Ya samu maɓalli ɗaya da yake sa mutumin sara, ya liƙe masa, yana danna shi ba ji ba gani har dodannin suka ƙare. Ya gyara zama yana jiran yabo. Sai tauraro ɗaya tilo ya fito a fuskar talabijin, da wata ƙara mai kama da tsaki.

"Mene ne wannan?"

"Makinka ke nan. Ɗaya cikin biyar."

"Ban kashe su duka ba?"

"Ka kashe. Amma wasan nan bai damu da ka ci ba, yadda ka ci yake dubawa. In ka maimaita sara iri ɗaya, sai ya raina ka. Yana son ka canza hannu, ka yi tsalle, ka juya, ka gama da kyau."

Baba Tela ya daɗe yana kallon tauraron nan. Bai ji haushi ba kamar yadda ya zata. Shi ma haka yake duba aiki: kowa na iya haɗa yadi biyu su tsaya, ƙarasawar ce ke raba tela da mai keke.

"Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san aiki," ya ce a hankali. "Buga in gani."

Injiniya ya karɓa. Nan take mutumin ya zama wani abu daban. Ya cilla lemar sama, ya zare takobi da dama, kuma Baba Tela ya ga dalilin gajeren hannu: da dogo ne, da ya sarƙe da mariƙin lemar. Ya juya a kan ƙafa ɗaya, dogon gefen hagu ya buɗe ya zagaya shi kamar fiffike, ya faɗo daidai lokacin da takobin ya koma gidansa. Taurari biyar suka cika fuskar talabijin.

"Maimaita juyin nan. Akwai nauyi a kalmasar ƙasa, yadi kaɗai ba ya yin haka." Baba Tela ya matso kusa. "To facin fa? Shi ma yana da aiki?"

Injiniya ya nemo wani wuri a farkon wasan. Wata tsohuwa ce zaune a bakin ƙofa, kwat ɗin a cinyarta, tana laluben yagewar kafaɗa da yatsu domin ido ya tafi. Ita ta raine shi. Ta ɗinka facin a karkace, ta sa masa, ya kama hanya.

"A na huɗu sun cire facin," in ji Injiniya.

"Na gaya maka ya lalace." Baba Tela ya miƙe. "Ni ma na cire wa tsohuwa aikinta ban tambaya ba. Ba ni ƙananan ƙarafan nan masu huda da kuke sa wa noti. Guda bakwai."

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ya koma kan teburinsa. Ragowar yadin na nan, domin bai taɓa zubar da ƙyalle ba. Ya ja layi da alli a hannun dama, ya ɗora almakashi, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Hannu ne lafiyayye da ya ɓata yini guda yana zaunar da shi. Ya kawar da kai ya datse. Ya farke ƙasan, ya ƙara tsawon hagu, ya ɓoye mahaɗin a cikin ninki, ya jera ƙarafan nan cikin kalmasa, kowanne da ɗan aljihunsa don kada su yi ƙara. Ya sa kwat ɗin a jikinsa, ya leƙa layi ya ga babu mai kallo, ya juya a kan ƙafa ɗaya. Yadin ya buɗe ya zagaya shi. Ƙugunsa ya ba da amsa, amma bai kula ba.

Saura faci. Ya zura zare, ya yi niyyar karkacewa, ya ɗinka. Da ya duba, layi ya fito a miƙe kamar an ja da rula. Ya farke. Ya rufe ido ya sake, ya fito a miƙe. Ya mayar da allurar hannun hagu. Wannan karon ya ɗan karkace, amma karkacewar ma a tsare take, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Hannun da aka yi shekara arba'in ana horarwa ya ƙi yin ƙarya. Agogon bango ya nuna huɗu da rabi.

Ya buga katakon da ke tsakani. "Injiniya. Ka iya ɗinki?"

"Ko maɓallin rigata matata ke sa min."

"Madalla. Zo."

Injiniya ya zauna ya kama allura kamar mai riƙe sukundireba. Ya soki yatsansa sau biyu, zaren ya ƙulle, wani taku ya yi tsawon ɗan yatsa, wani ya hau kan wani. Baba Tela ya tsaya a kansa, hannuwa a baya, yana cije leɓe don kada ya gyara masa.

"Yaya, ka daina numfashi a wuyana."

"Ci gaba. Ban taɓa ganin ɓarna mai kyau irin wannan ba."

Biyar da minti goma Likita ta shigo. Ta ɗora kwat ɗin a kan kayanta, ta tsaya gaban madubi. Baba Tela ya miƙa mata tsohuwar lemarsa da ke bayan ƙofa. Ta dube shi da mamaki, sannan ta juya a kan ƙafa ɗaya. Gefen hagu ya buɗe, ya zagaya, ya faɗo.

"Baba, ka ga wasan ke nan."

"Na leƙa. Na ɗaya buhu ne, na biyu akwati, na huɗu ɗan gayu ne mara tarbiyya. Na uku ne mutum."

"Shekara nawa ina gaya wa Injiniya haka."

"Ku dai ba ku son ci gaba," in ji Injiniya daga bakin ƙofa, yana tsotsar yatsa.

Likita ta karkato da kafaɗarta ga madubi, ta shafa facin. Murmushinta ya canza. "Wannan ya fi komai. Kamar tsohuwar ce ta ɗinka da hannunta. Baba, sai gwani irinka. Gobe duk wanda ya tambaye ni, nan zan turo shi."

Injiniya ya hau kallon silin. Baba Tela ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan ba hannuna ba ne," ya ce. "Na Injiniya ne. Nawa ya ƙi."

Likita ta yi dariya har sai da ta dafa teburin yanka. Ta ninke kwat ɗin da kanta, ta rungume shi a ƙirji, ta yi godiya ta fita, har da lemar, ba wanda ya tuna mata.

Baba Tela ya ɗaga kai ya dubi ƙusar. Tana nan da tsatsarta. Ya rufe keke da ƙyalle, ya kashe dutsen guga, ya juya ga maƙwabcinsa.

"Kai kuma, kada in ji ka koyi ɗinki. Ka bar hannun nan yadda Allah ya yi shi." Ya ɗauki kujerarsa ya nufi ƙofa. "Je ka kunna na ukun. Ban yarda da tauraro ɗayan nan ba."