Ƙanzon Kek

Ni ce auta, ba miji ba ɗa, don haka ranar da Mama ta zame a banɗaki ta karya ƙashin ƙugu, babu wanda ya wahalar da kansa da tambayar wa zai zauna da ita. Yaya ya kira ni ya ce, "Auta, ke ma kin san yanayin aikina." Na sani mana. Nawa aikin ne dai babu wanda ya san yanayinsa.

A ofishin masu zanen gine-gine nake aiki, a wani gari mai tafiyar yini guda a mota. Oga ya ba ni hutu da fara'a, ya ƙara mini da fuska a ɗaure, daga baya kuma ya kira ya ce in wata ya ƙare ban dawo ba, zai ba wani teburina. Ban ga laifinsa ba, amma ranar sai da na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Mama ta ji kukana.

Gidan Mama a hawa na uku yake, kuma duk wanda ya zana shi, da a gabana ya yi da na yaga takardar. Kicin ɗin siriri ne, in ka buɗe firji ƙofa ba ta buɗuwa, mutum biyu ba sa gilma wa juna a ciki. Tagarsa na kallon bangon maƙwabta, babu abin gani sai wani bututu mai ɗiga. Duniyata ta koma daga gadon Mama zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kicin. In na sauka shagon ƙasa sayen ƙwai, da gudu nake hawowa, don Mama ba ta iya ko juyawa sai an juya ta.

Akwai mai gashin ƙashi da ke zuwa duba ta, wata mata mai faɗin kafaɗa wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta matsa cinyar Mama, ta ja ni gefe.

"Ƙashin ya haɗe," ta ce, "naman ne babu. Ƙafar da ba ta da tsoka ba ta ɗaukar mutum. Sai ta ci abinci mai gina jiki, ta ci sosai. In ta iya kai kanta banɗaki da kicin da ƙarfen dogarawa, a ɗauko mai aikin da za ta riƙa zuwa da safe, ta ishe ta. In ba ta iya ba, dole wani ya tare a nan."

Ba ta faɗi ko wane ne wanin ba, kallona kawai ta yi.

To, ci ɗin ne aiki. Ƙwai, Mama ta ce ƙarni. Kifi, ta ce ƙaya. Garin furotin mai gina jiki da mai gashin ƙashi ta sa na sayo, na dama mata a madara, ta kurɓa sau ɗaya ta ce ita ba ta yi lalacewar da za a ba ta alli ta sha ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi shiru, duk ɗaya. Wuyan hannunta ya koma kamar icen tsintsiya.

Ana cikin haka sai ga kwali daga Yaya. Shi bai zo ba, amma ya aiko da na'ura, irin tukunyar lantarkin nan mai gasa abu da iska mai zafi. Baƙa ce, mai kwando da ake ja kamar aljihun tebur, da maɓallin murɗawa guda biyu, ɗaya na zafi ɗaya na lokaci. Mama ta sa na kai mata ɗaki ta gani. Ta shafa ta kamar kan jariri, ta ce, "Allah Ya yi wa yaron nan albarka." Ni da nake kwashe mata fo safe da yamma, rabona da wannan addu'ar har na manta.

Mai gashin ƙashi ce ta ba ni dabarar. Ta ce tsofaffi kamar yara suke, zaƙi ba ya cin tura a wurinsu, in ɓoye garin a cikin kek ɗin cakulan. Na murƙushe ayaba nunanna da cokali mai yatsu, na fasa ƙwai biyu, na zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da garin cakulan, da garin furotin ɗin, da ɗan sukari, da bekin foda mai sa kek ya tashi a bakin cokali, da gishiri ɗan kaɗan. Na juya har ya yi kauri yana sheƙi, na shafa wa ƙaramin gwangwani mai, na juye, na tura kwandon. Na'urar ta hau huci. Kafin in gama wanke kwano ƙamshi ya cika gidan.

Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Samansa ya ɗan tsage, cikinsa da danshi, in ka danna ya lotsa ya dawo. Na kai wa Mama da ɗuminsa.

"Kai, Auta, ke kika yi wannan?" Ta shinshina. "Ajiye nan, sai ya huce."

Da na dawo farantin fes. Na koma kicin na yi rawa ni kaɗai tsakanin firji da bango. Kullum da hantsi sai na yi, kullum faranti ya dawo fes. Abin da ya ɗaure mini kai, in mai gashin ƙashi ta ɗora Mama a sikeli, allurar ba ta motsawa. Na fara zargin sikelin, na fara zargin garin.

Kiyashi ne suka tona asiri. Wata safiya ina canza zanin gado sai na ga layinsu ya taso daga ƙasan ƙofa ya hau ƙafar ƙaramin teburin da ke gefen gadon. Na ja aljihun. Ga kek ɗina nan a jere, kowanne an naɗe shi a takarda da kyau, na ƙasa sun bushe sun yi tauri, wasu har sun fara fumfuna.

"Mama, mene ne wannan?"

Ko kunya ba ta ji ba. "Na Yayanki ne. Ya ce yana tafe ƙarshen mako. Abu mai kyau haka, in zauna in cinye ni kaɗai?"

"Wane ƙarshen makon? Tun kina asibiti yake tafe! Romon baka yake ba ki, ke kuma kina tara masa kek, ni kuma aikina yana can zai tafi!"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta juya fuska bango. Na kwashe su duka na zuba a shara, na ga gaba kura baya sayaki. In na tafi, na bar uwata a kwance. In na zauna, shekarun da na yi ina karatu da zane sun tashi a banza, in tsufa a wannan kicin ina kallon bututu.

Don haushi na sake kwaɓa wani. Na murɗa maɓallan da ƙarfi ban duba ba, sai wayata ta yi ƙara, Oga ne yana tambayar inda na ajiye wani zane. Ina cikin yi masa kwatance na ji ƙauri. Na ja kwandon, hayaƙi ya tashi. Gefe-gefen ya yi baƙi ƙirin, saman ya ƙandare. Na ɗauko shi da tsumma na taka fedar kwandon shara, murfin ya buɗe.

"Me ya ƙone?" Muryar Mama ce daga ɗaki.

"Kek ne. Zubarwa zan yi."

"Zubarwa? Ƙwai biyu? Ke kam ba ki tsoron Allah. Kawo nan."

Na kai mata don ta gani ta ƙyale ni. Ta karɓa, ta ɓantari gefen, ta kai baki. Ta ci gefe, ta shiga tsakiya, tana ci tana mita cewa 'ya'yan yanzu almubazzaranci ya yi musu yawa. Har burbushin ta dangwale da yatsa.

Na tsaya a bakin ƙofa, sai abin ya faɗo mini. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Mama ta zuba wa kanta abinci daga saman tukunya ba. Ta zuba wa Baba, Allah Ya jiƙansa, ta zuba wa Yaya, ta zuba mini, ita kuma ta tsaya a kicin ta kankare ƙanzo ta ci a tsaye. Mu a zatonmu so take yi, har tsokanarta muke yi da sarauniyar ƙanzo. Ashe mai kyau a wurinta na wani ne, nata shi ne wanda za a zubar. Hali zanen dutse, karayar ƙugu ba ta goge shi ba.

Daga ranar na zama gwanar ƙona kek. Abin ma da fasaha, don in ya ƙone duka ba amfani, in bai ƙone ba aljihun tebur zai tafi. Sai in ƙure zafin, in bar shi har gefen ya yi baƙi, cikin kuwa lafiya lau. Na ƙara ƙwai, na ƙara garin. In fito da shi, in yi tsaki mai ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki, in taka fedar kwandon shara murfin ya yi ƙara.

"Kin sake ko? Kawo nan. Duk karatun nan naki, ɗan kek ya gagare ki."

Gidan ya koma warin ƙauri, labule da kayan sawa har gashin kaina. Maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya tambaya ko gobara ce. Amma allurar sikeli ta motsa. Mama ta fara zama da kanta, ta fara miƙewa da ƙarfen dogarawa, wanda take kira keken jarirai. Sai dai daga ta kai ƙofar ɗakinta sai ta toge. Santsin da ya kayar da ita yana nan a ranta. Mai gashin ƙashi ta ce ƙafar ta isa, zuciyar ce ba ta yarda ba, kuma wannan babu gashin da ke yi masa magani.

Wata ya zo ƙarshe. Oga ya aiko da saƙo gajere, yana tambaya ko ya sa rai. Ban amsa ba, ban kuma haɗa kaya ba. Da hantsi na shiga kicin kamar kullum, na kwaɓa, na tura kwando, na ƙure zafi. Na jingina da firji ina suɗe kwanon kwaɓin da cokali, don shi ne karyawata.

Sai na ji ƙwas, sannan jan ƙafa. Ƙwas, jan ƙafa. Na ɗauka daga saman bene ne. Ƙarar ta matso ta cikin lungu, ta wuce banɗaki. Na ƙame da cokali a hannu, ina tsoron in leƙa ta firgita ta faɗi.

Ƙarfen ya fara shigowa, sannan Mama, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, tana haki. Ta cika ƙofar. Ba ta kalle ni ba, ta miƙa hannu ɗaya ta mayar da maɓallin zafin baya.

"Ƙugu na karya, ba hanci ba," ta ce. "Mai ƙona abu bisa kuskure ba ta ƙona shi iri ɗaya kullum."

Idonta ya sauka kan kwanon da ke hannuna.

"Ke kuma me kike ci?"

"Ba komai. Ragowar kwaɓi ne."

"A tsaye."

Ta daɗe tana kallona, har na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Na ja kwandon. Gefen kawai ya ɗan yi duhu, sauran ya yi kyau kamar na ranar farko. Ta ce in ba ta wuƙa. Ta jingina cikinta da ƙarfen, ta yanke gefe-gefen ta ci a nan tsaye. Sannan ta yagi takarda ta fara naɗe tsakiyar, a hankali, irin naɗin da na gani a aljihun tebur.

Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. "Mama, don Allah. Yaya ba zai zo ba."

"Na sani. Ni na haife shi."

Ta lanƙwasa bakin takardar, ta kamo hannuna ta ɗora mini. Da ɗuminsa.

"Guzurinki ne. Kira ogan naki ki ce kina hanya. In kin shiga mota ki ci, a zaune."

Na rungume ƙunshin a ƙirjina. Ita kuwa ta riƙe ƙarfenta da hannu biyu ta fara ja da baya, taku ɗaya ta huta, taku ɗaya ta huta, don kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma ita ce ta tare ƙofa.