Huji Huɗu a Motar Burodi

Tun ranar da yayarta Albane ta jawo motar babansu daga rumbun ciyawa, Noémie ta daina gane kan 'yarta.

Lison shekararta biyar. Da, in an tashi makaranta, gida take yi a guje ta faɗa jikin uwarta tana neman burodi da cakulan. Tata take kiran Albane, wato yayar uwa a yarensu. Yanzu ko jaka ba ta gama saukewa sai ka ji, "Maman, na tafi wajen Tata." Ta dawo da baƙin mai a ƙarƙashin farce, bakinta cike da "Tata Albane ta ce". Ranar da ta kawo zanen iyali da aka sa su a aji, motar ce ta cinye takardar, Tata na gefe riƙe da sifana, ita kuwa Noémie an matse ta can a kusurwa, ko hannu ba a yi mata ba. Ta manna zanen a jikin firiji, amma duk sanda ta je ɗaukar madara sai ta kau da kai daga gare shi.

Motar ƙirar 1964 ce, irin mai jiki kamar kwanon rufi, wadda aka fara ƙerawa bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da ƙarfe ya yi wuya, aka yi wa fallen jikinta tudu da kwari don ya yi ƙarfi. Saboda gabanta, kowa a yankinsu na Aveyron Hancin Alade yake ce mata. Babansu, Anselme Cazals, ya saye ta hannun wani dillalin tumaki, ya yi shekara ashirin da uku yana zaga ƙauyukan kan tudu da ita yana sayar da burodi. Albane ce babba, ita ce mai zama a gaba kusa da shi. Noémie mota na sa ta amai, don haka a shago ake barin ta. Da Papa ya rasu, Albane ta yi shekara biyu tana kankare tsatsa, tana walda, tana bin tsofaffin gareji neman fitila da murfin tanki na asali. Hatta toka-tokan fentin sai da ta haɗa sau uku kafin ta yarda.

Bikin garin ya kama ranar Lahadi. Bayan an fito coci tsofaffin motoci da taraktoci za su yi jerin gwano har garin Laguiole. Monsieur Rouquette, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci, shi ke ba da lambar yabo ga wadda ta fi kowace zama yadda ta fito daga masana'anta. Mutum ne da ke shiga ƙarƙashin mota da tocila, noti ɗaya na zamani ya isa ya sa ya murtuke.

Ranar Alhamis a kan abincin rana Lison ta ce, "Ni ce a gaba. Tata ta yi min alkawari."

"Tata ta tambaye ni?" in ji Noémie.

"Motarta ce ai."

"Ke kuma tawa ce. Ba ki shiga."

Yarinyar ta ture farantin miya, ta dubi uwarta ido cikin ido. "Da ma Tata ce mamana."

Noémie ta kwashe kwanuka ta wanke, ta sake wanke su.

Washegari da safe, bayan ta kai Lison makaranta, ta ciro kujerar yara daga motarta, ta haɗa da sabon bel da farantin ƙarfe, ta nufi garejin yayarta. Ta tarar da ƙafafun Albane sun leƙo daga ƙarƙashin motar.

"Fito mu yi magana."

Albane ta turo kanta waje tana goge hannu. "A'a, su Madam Kar-a-faɗi ne da sassafe? Har da kaya?"

"Wa ya ce ki yi wa 'yata alkawari?"

"Haba Noémie, kilomita goma sha biyu ne, a bayan tarakta. Ko kaza ta fi mu sauri."

"Babu bel na ɗaure fasinja. Ƙofar ta baya take buɗewa, iska ta kama ta shi ke nan. Tsakanin gwiwar yarinya da titi falle ɗaya ne."

"Ni shekara nawa na yi a kujerar nan? Ga ni da raina."

"Shi ya sa kanki bai cika daidai ba."

Albane ta yi dariya. Noémie ba ta yi ba. Ta dire kujerar yaran a ƙasa ta ce, "In kina son ta shiga, a sa bel na zamani, a ɗaure wannan. Na tambayi mai gwajin motoci. Huji huɗu ne, biyu a daɓen mota, biyu a ginshiƙin ƙofa, da farantin ƙarfe ta ƙasa."

Dariyar ta ɗauke. Albane ta juya ta dubi daɓen da ta yi wata huɗu tana gyarawa, sumul, ko ƙura babu.

"Rouquette zai gani."

"Zai gani mana."

Maganar bel gaskiya ce, Noémie ba ta shakkar wannan, ko gaban wa za ta maimaita ta. Amma ta san abin da ya kawo ta. So take Albane ta ce a'a. So take da yamma ta zaunar da Lison a cinya ta ce mata, kin gani, Tata ta fi son lambar yabo. Har ta shirya yadda za ta faɗa, a hankali, ba tare da zagin kowa ba.

Albane ta wuce wajen tebur, ta ɗauko injin huji ta jona.

"Riƙe min farantin. Ki nuna min daidai inda ya ce."

"Albane, shekara biyu fa."

"Ke dai riƙe. Papa ma ai da waya yake ɗaure salansa, wane asali ne ban sani ba?"

Ƙarar ta cika garejin. Ɓurɓushin ƙarfe da fenti suka zubo a kan hannun Noémie, da ɗan zafinsu. Huji na farko, na biyu. Albane ba ta ma tsaya ta yi tsaki ba. Wannan ne ya fi ci wa Noémie rai. Da ta yi gunaguni, da an samu abin riƙewa. Ashe ba wasa take da yarinyar ba, son ta take da gaske, kuma babu abin da uwa za ta iya cewa a kan wannan.

Da suka gama, Noémie ta kama bel ɗin da hannu biyu ta fizga da duk ƙarfinta, sau uku.

"Ki cire motar gaba ɗaya mana," in ji Albane.

"Ƙara ɗaure na hagu."

Ranar Lahadi dandalin coci ya cika da ƙamshin tsiran alade da hayaƙin injuna. Monsieur Rouquette ya leƙa cikin motar, ya haska tocila, ya ɗago yana girgiza kai.

"Mademoiselle Cazals, wa ya yi miki wannan ɓarna?"

"Ni da hannuna. Ina da fasinja."

Ya wuce zuwa mota ta gaba bai ƙara kallon su ba.

Noémie da kanta ta ɗora Lison a kujera. Ta ja bel, ta zura yatsu biyu tsakaninsa da ƙirjin yarinyar, ta ƙara ja. Ta gwada mariƙin ƙofa, ta ce kada hannu ya fita ta taga, kada a taɓa giyar mota, in ciki ya fara juyawa a faɗa wa Tata nan take. Ta so ta ƙara wani abu, amma idon Lison na kan sitiyari.

"Maman, matsa mana, kin tare mu."

Ta matsa. Injin ya kama da tari biyu, motar ta ja jiki ta bi bayan wata jar tarakta. Ta gilashi Noémie ta hango kawunan biyu sun karkata wuri ɗaya suna dariyar wani abu da ba ta ji ba.

Rigar sanyin Lison na hannunta, an manta da ita. A kan tudu iska takan yi ƙarfi ko da rani. Ta koma da sauri inda ta ajiye motarta, ta jefa rigar kan kujera, ta shiga layi a can ƙarshe, bayan taraktoci tara, inda ba abin da take iya gani sai rufin motar in an sha kwana.