Zangon Kataf a Saman Zariya

Shekara tara Maijidda tana cike wa mutane fom a shagon kwamfuta na Malam Nagoda da ke Tudun Wadan Zariya, ba a taɓa dawo mata da takarda ba sai ranar Talatar nan. Wanda ya dawo da ita kuwa Baba Istifanus ne, tsohon malamin asibiti, maƙwabcinsu tun tana goye.

Ko zama bai yi ba, ya ajiye takardar a teburinta. Fom ɗin neman tallafin karatu ne na jikarsa Rut. A gurbin ƙaramar hukuma an rubuta Zangon Kataf, alhali takardar asalinta ta ce Zariya, shi ya sa aka ƙi karɓa. Ya ce kakansa a cikin birnin Zariya aka yanke masa cibiya, to wa ya aike ta ta raba jikarsa da garinsu? Ko don sunan yarinyar Rut?

Ran Maijidda ya ɓaci ƙwarai. Ita? Ita da ke cin shinkafar Kirsimeti a gidansu, take kai musu naman layya da hannunta? Bai isa ba, sai ga Malam Nagoda, don ya wanke shagonsa, yana cewa a gaban jama'a ai ya sha gaya mata ta rage surutu a bakin aiki. Ji mutum! Shi da ta yi wata uku tana masa ƙorafin linzamin kwamfutar nan ya lalace, yana ce mata ai tunda yana motsi da sauransa.

Ta jawo kujera ta roƙi Baba ya zauna ya gani da idonsa. Ta danna maɓallin hagu sau ashirin tana ƙirgawa, lafiya lau. Na dama ma haka. Sannan ta sa yatsa a kan 'yar tayar tsakiya ta murza a hankali. Shafi ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sai ya yi tsalle ya koma sama shi kaɗai. Ta buɗe jerin ƙananan hukumomi, ta zaɓi Zariya, wadda take can ƙarshe, ta murza tayar kamar za ta gangara gurbi na gaba. Nan take Zariya ta ɓace, Zangon Kataf da ke samanta ta maye gurbin. Sau uku tana yi, sau uku yana canzawa.

Ta ɓalle murfin linzamin ta kife shi a kan farar takarda. Zare ya faɗo, da datti, da ɓarɓashin ƙuli-ƙulin da Malam Nagoda ke gwaguya duk ranar da ya zauna a kujerarta. Gogan naka ya tsiri duba wayarsa.

Zuciyarta ta yi sanyi, bakinta ya buɗe. Ta ce ai ranar da ta cike fom ɗin Rut ma haka linzamin ya yi mata a fom ɗin wata Bilkisu 'yar Gyallesu, tana bugowa ta hango, ta gyara kafin yarinyar ta tashi.

Baba Istifanus ya cire tabarau ya dube ta.

“Na yarda linzami ne ya canza, Maijidda,” in ji shi. “Amma na Bilkisu kin hango. Na Rut kin karanta, kin sa a ambulan, kin miƙa mata.”

Sau biyu take karanta kowace takarda, ranar ma sau biyun ta karanta, idonta ya wuce ta kan Rut da Zangon Kataf bai yi tuntuɓe ba. Kunya ta rufe ta.

Ta gyara fom ɗin ba ta taɓa tayar ba. Ya karɓa ya yi godiya, ya fita, bai ce ta gaida Innarta ba kamar yadda ya saba.