Katakon Motar Barau

Duk wanda ya san tashar Birnin Kudu a shekarun da kuɗin man fetur suka haukata ƙasar nan, to ya san motar Barau. Gingimari ce mai jikin katako ja, in ta taso daga nesa ko yaron goye ya san ita ce. Amma in aka ce motar Barau an yi rabin ƙarya, don rabinta ne nasa.

Bari in warware muku. A wancan zamani ba a sayar da babbar mota da jikinta. Tsirara ake fito da ita daga kamfani: inji, tayoyi, sitiyari da dogayen ƙarafa biyu, shi ke nan, ko wurin zama babu. Alhaji Iliyasu dillalin gyaɗa shi ya sayi ƙarfen, aljihunsa kuma ya ƙare a nan. Sai suka yi magana da Barau a gaban shaidu: Barau zai karɓe ta haya, ya riƙa biya duk wata, ya yi mata jiki da kansa, ya ɗauki lodin da ya ga dama zuwa inda ya ga dama. Ranar da ya ɗauko ta daga Kano, a kan akwatin sabulu ya zauna ya tuƙo ta, iska na neman fizge masa rawani.

Katakon kuwa, a nan maganar take. Mahaifinsa, Baba Sabo, yana da wani ƙaton maɗaci a bakin gonarsa ta Basirka. A gindinsa yake shan fura, a nan yake sallar azahar, a nan yake gyangyaɗi tun kafin a haifi Barau. Da tsohon ya ga ɗansa yana ta zirga-zirgar neman katako, sai ya ce, "Kira masu zarto su kayar da shi."

"Haba Baba, inuwarka fa?"

"Na sha ta ya ishe ni. Kai je ka ci abinci da ita."

Aka kayar, aka tsaga, Haladu kafinta ya haɗa jiki da rumfar direba har da kujera. Daminar da ta biyo baya, Baba Sabo ya yi ta yana raɓewa a jikin wani guntun zana, bai kuma ga wata damina ba, Allah ya yi masa rasuwa. Wannan abu yana cin Barau a rai har yau, bai taɓa ɓoyewa ba.

Shekaru ya yi yana dukan hanya. Ya sauka Ikko da gyaɗa da fatu da shanu, ya hau da goro da gishiri da manja. Ya yi kwanaki a layin gadar Jebba yana dafa shayi a gefen taya, ya yi salla a kan buhu a dajin da bai san sunansa ba, zazzaɓi ya kayar da shi a Tegina ya tashi ya ci gaba. In rana ta take, sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar ya jingina da katakon. Direbobi suna tsokanarsa wai yana hira da itace. Ko a jikinsa. Kowane tabo a jikin motar ya san mafarinsa, daga inda ƙahon wani bijimi ya karta har inda manja ya zube ya ƙi fita.

Sai ga shekarar siminti. Kai jama'a, kamar ƙasar za a shafe da shi gaba ɗaya! Duk mai taya huɗu ya zama ɗan gata. A nan idon Alhaji Iliyasu ya buɗe, ya aika a kira Barau zaurensa da hantsi.

"Malam Barau, haya ta ƙare," in ji shi, yana ɓare goro. "Na sami kwangilar siminti. Daga yau albashi zan riƙa ba ka, mai kauri kuwa. Taya ta fashe, nawa. Inji ya buga, nawa. Kai dai ka tuƙa inda na ce."

Maganar gaskiya, tayin ba na banza ba ne. Direbobi da yawa sun ajiye haya sun koma albashi, suna barci da munshari, ba ruwansu da kuɗin gyara. Barau ya san haka. Amma ya san kuma ɗan albashi ba ya biyawa ta Basirka don ya ga iyalinsa, ba ya kuma cewa a'a in an ce ya ɗora lodin da ya fi ƙarfin mota.

"Alhaji, na gode. Ni ban iya zaman yaron gida ba."

"To ajiye makulli. Akwai masu so."

"Zan ajiye. Jikin fa?"

"Wane jiki?"

"Katakon. Nawa ne, da shaidu."

Alhaji ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Tsohon katakon da ya ci ya cinye? Ai ya bi mota. Ka taɓa ganin an raba? In ladansa kake so, faɗi, a ba ka."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To ka yi ta riƙo. Ranar Juma'a dai lodina yana tasha, ina son ganin motata."

Barau ya miƙe, zuciyarsa na tafasa. Ba dariyar ce ta ƙona shi ba, "ya ci ya cinye" ɗin nan ce. Ya ja mota bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidansa a Basirka.

Matarsa Barira tana tankaɗe ya zayyana mata komai. Ta ajiye rariya ta dube shi.

"Malam, in ka mayar da ita me za mu ci?"

"Ban sani ba."

"Albashin nan fa ba haram ba ne."

"Ba haram ba ne. Amma wallahi ba zan tsaya a bakin titi ina kallon wani ƙato yana wucewa da maɗacin Baba, ana jibga masa siminti har ya tsage ba. Gara in koma gona."

Ta san shi sarai. Sai ta ce, "To aika a kira Haladu. Bari in ɗora muku tuwo, don aikin nan ba na mutum biyu ba ne."

Haladu ya zo da guduma da sifana, gemunsa ya yi fari yanzu. Da ya ji abin da ake so, ya yi salati. "Ni na haɗa, ni zan kwance? Barau, kana da taurin kai irin na ubanka." Ya faɗa, ya kuma tuɓe riga. Kafin azahar rabin unguwa ya taru. Notin da ya yi tsatsa aka jiƙa shi da baƙin mai, wanda ya ƙi aka sare shi. Kowane falle aka cire, Haladu ya yi masa alama da alli don kada a ɓata jeri in Allah ya kawo ranar mayarwa. Barira da kanta ta bi ƙasa tana tsince ƙusoshi a cikin ƙwarya. Rumfar direba ce ta ƙarshe, sai kujera.

Ranar Juma'a da safe tashar Birnin Kudu ta cika maƙil. Buhunan Alhaji na gyaɗa, waɗanda za a sauka da su Ikko a hau da siminti, an jere su kamar ganuwa. 'Yan dako sun naɗe wando, sabon direba yana ta gyara hula. Sai aka ji ƙarar injin da kowa ya sani. Aka waiga.

Tirƙashi! Ga ƙarfe tsirara yana tahowa, tayoyi da inji da sitiyari, kana hango titi ta tsakiyarsa. A sama ga Barau zaune daram a kan akwatin sabulu, ya sha rawani, ko murmushi babu. 'Yan kamasho suka kece da ihu, masu tuwo suka bar tukwane, wani direba ya danne ham ya ƙi saki.

Barau ya tsaya daidai gaban Alhaji, ya kashe inji, ya sauko. Ya gaishe shi da ladabi, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Ka haukace ne?" in ji Alhaji. "A ina zan ɗora kayan?"

"Wannan kuma shawarar mai mota ce, Alhaji. A duba inji, lafiyarsa ƙalau. Na cika mata mai."

"Ka kashe kanka, Barau! Ba mai sake ba ka mota a garin nan!"

"Mai yiwuwa."

Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya sauke akwatin sabulun ya saɓa a kafaɗa, don shi ma nasa ne.

Yau ga Barau a layin fasinja. Wani direban Fataskum ya buɗe masa gaba ya ƙi karɓar kuɗinsa. Tsoro kam ya ji shi, ƙarya ne a ce bai ji ba. Yana da 'ya'ya, rumbunsa kuma bai cika ba. Hannunsa sai motsi yake a kan gwiwa yana neman giyar motar da babu.

Da ya sauka bai shiga gida ba, gona ya wuce. Haladu da samarin unguwa sun riga sun kwaso katakon, sun kafa shi a kan duwatsu saboda gara, sun jingina dogayen fallayen a kan sanda daidai wurin kututturen maɗacin. Rana tana tsaka, amma ƙarƙashinsu akwai sanyi. Barira ta kawo fura ta ajiye, ta koma gefe.

Barau ya sunkuya ya shiga, ya zauna a kan kututturen, ya dafa fallen nan mai tabon ƙaho. Idonsa ya ciko.

"Baba," ya ce, "ga inuwarka na dawo da ita. Ko falle ɗaya ban bar musu ba."