Sarkin Koriya a Rumfar Sadiƙu

Kwana ashirin da uku ke nan sama ba ta ɗiga ba a wani ƙauye gabas da Mallawa. Maza ba noma, ba abin yi, sai su taru bayan azahar a rumfar Sadiƙu mai cajin waya, su zuba wa tele ido. Shi ya kwaso musu wannan jaraba daga kasuwar Magariya: fim ɗin wani sarkin Koriya na zamanin da, an fassara shi da Hausa, kullum kashi ɗaya.

Da fari dariya ake sha. Wannan ya ce hular sarkin kamar akurki, wancan ya ce gemun bunsuru ma ya fi nasa cika. To, a kashi na goma sai fari ya afka wa ƙasar sarkin. Mai fassara ya ce a al'adar mutanen nan, in ruwa ya ƙi zuwa, laifin sarki ne.

Maikuɗi, wani dattijo mai ɗacin baki, ya ce, "Ashe su sun san mai laifi."

Sadiƙu ya gane da wa ake. Inuwa mai gari yayan mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya. A garin nan kuwa ba mai shuka sai mai gari ya fara jefa iri. Bana da ruwan farko ya sauka, tsofaffi suka ce a dakata, ƙasa ba ta jiƙu ba. Inuwa ya saɓa sungumi ya fita, gari ya bi shi. Gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus, kuma babu sauran iri a rumbun kowa.

Da aka watse, Sadiƙu ya kunna kashi na gaba shi kaɗai. Wayyo! Talakawa ne suka jawo sarki daga fada, suka tuɓe masa hula, suka kai shi tsakiyar busasshiyar gona. Bai iya ƙarasa kallo ba. Tsoro ya kama shi, ga haushin kansa, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Washegari da suka taru ya ce, "Ku yi haƙuri, katin fim ɗin ya lalace."

Maikuɗi ya yi murmushi. "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Tun jiya aka turo mana saura a waya. Har ƙarshe mun gani."

"Haba Baba Maikuɗi, wasa ne fa! Ruwa ai na Allah ne."

"Ruwa na Allah ne," in ji tsohon. "Iri kuwa namu ne."

Suka miƙe gaba ɗaya, suka nufi gidan mai gari. Sadiƙu ya bar rumfa a buɗe, ya yanka ta bayan rijiya da gudu. Ya iske Inuwa a zaure bisa buzu, yana jan carbi.

"Baba, don Allah tashi ka shiga cikin gida."

"Kai, lafiya? Me ya koro ka haka?"

Kafin ya amsa, sai ga ƙarar sawu. Inuwa ya leƙa, ya gyara rawani, fuskarsa ta saki.

"Madalla, jama'ata ce. Kan batun roƙon ruwa suka zo. Shimfiɗa musu tabarma."

Sadiƙu bai motsa ba, ƙofa kawai yake kallo. Tun tasowarsa bai taɓa ganin wanda ya tsallake dokin ƙofar nan bai tuɓe takalmi ya durƙusa ba.

Maikuɗi ya shigo, ba sallama, da takalminsa. Na bayansa ma haka.