Begilar Egya Kwamena da Kwalbar Shito

Duk wanda ya taɓa zama a teburin dara na gaban shagon askin Ebo, a bayan kasuwar Sekondi, ya san labarin Bajamushen nan. Babu wanda ya taɓa ganinsa ko a hoto, amma mun san shi kamar maƙwabcin da ya ci mana iyakar gona, domin Egya Kwamena Baiden ba ya gajiya da tsine masa.

Begila ce ta haɗa su. Mahaifin Egya Kwamena ya yi zamaninsa yana busa ta a ƙungiyar badujala ta ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma ita kaɗai ce cikin gado ba a yi rigima a kanta ba. Sai dai bakinta, ɗan ƙarfen nan da ake ɗora leɓe a kai, ya ɓata tun a hidimar jana'iza. Da Egya Kwamena ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, 'yarsa ta saya masa babbar waya, ya koyi leƙa shafukan da mutane ke sayar da tsofaffin kayansu. Ran nan sai ga irin bakin begilar sak a hannun wani mutum a Jamus. Ya gyara zama ya tsara saƙo da Turancinsa na ofis, ya gaishe da mutumin da iyalinsa, ya ba shi tarihin marigayi kaf. Amsa ta zo a layi ɗaya: "Ba na aikawa ƙasar waje. Yi haƙuri."

Wannan layi ya tsaya masa a rai ya ƙi wucewa.

"Ku duba fa, ko gaisuwa babu!" in ji shi, yana nuna wa abokan dara wayar. "Ni ɓarawo ne? Ya ga an rubuta Ghana, shi ke nan ya ja ƙofarsa ya rufe."

"Egya, tura ɗanka mu ci gaba da wasa," in ji Ebo mai aski. "Bajamushen nan tun bara ya manta da kai, kai kuwa kana nan kana dakonsa a ka."

"Ba za ka gane ba, Ebo, kai iyakar duniyarka ƙeyar mutane. Rowa ce da raini, ba wani abu ba. Mene ne wahala a naɗe abu a kai gidan aika kaya?" Ya shafa gashin bakinsa, wanda yake murzawa da man kaɗanya kowace safiya har tsininsa ya miƙe. "Ku zama shaida. Ranar da ni Kwamena na rubuta wa wani ɗan Adam wannan magana, ka kwantar da ni a kujerar nan ka aske wannan tas."

Ebo ya kalli gashin bakin da irin kallon da mahauci ke yi wa rago, ya ce ya ji.

Daga baya Egya Kwamena ya ari bakin begila a wajen masu busa na coci don ya gwada. Ya cika kumatu ya hura. Awakin maƙwabta suka watse, haƙoransa na roba suka yi tsalle suka faɗa cikin bokitin wanki. Matarsa Maame Ekua ta tsamo su ta ɗauraye, ta miƙa masa.

"Maigida, Baba ya bar maka begila, amma bai bar maka numfashinsa ba. Ka nema mata mai busawa, tsatsa za ta cinye ta a kan kabad."

Maganar ta yi masa zafi saboda gaskiya ce. Yana ƙaunar begilar nan, kuma shirun da take yi ya fi damunsa a kan rabuwa da ita. Ya goge ta, ya ɗauki hotonta a kan zanen Maame Ekua na zuwa coci, ya sa a shafi. A ƙasan tallar ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana aikawa ko'ina a faɗin duniya, ba ya wariya.

Wanda ya fara nema wani dattijo ne a Norway mai suna Sindre, mai tara tsofaffin kayan busa. Egya Kwamena ya zagaya teburin dara da saƙon kamar wanda aka yi wa naɗi. Yau Turai za ta ga yadda ake ciniki da mutunci.

To, mu nan ba ma aika wa mutum abu haka tsurarsa. Ko takalmi ka ba direba ya kai wa ƙanenka a Kumasi, sai ka cusa wani abin taɓawa a ciki, in ba haka ba a ce gidanku ba a iya karamci ba. Saboda haka ranar naɗe kaya Maame Ekua ta soya shito, soyayyen barkonon nan namu na cin abinci, baƙi wuluk, mai na yawo a samansa, irin wanda yajinsa ke sa baƙo neman ƙofa. Ta cika kwalba, sai ga kwalbar ta shige cikin faffaɗan bakin begilar, inda sauti ke fita, daidai kamar don ita aka ƙera shi.

"Ka gani? Ba za ta motsa ba," in ji ta.

Da ma a ce Egya Kwamena ya hana. Ina! Shi da kansa ya tafi bakin teku ya zaɓo bandar kifi masu kyau, ya jera su a gefen akwati. "Mutumin nan a cikin ƙanƙara yake zaune," in ji shi. "Bari ya san mu ba irin wancan marowacin ba ne."

A kamfanin aika kaya, ma'aikaciyar ta tambaye shi abin da ke cikin kwalin da ya riga ya ɗaure da igiya.

"Begila."

"Ita kaɗai, Egya?"

"Ita kaɗai." Kuma a zuciyarsa bai yi ƙarya ba, domin tsaraba ai ba kaya ba ce.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Kullum yana latsa waya yana bin sawun kwalin. Ya ga ya bar Accra, ya ga ya sauka wata ƙasa, sai kuma ya tsaya cik. Sindre ya fara tambaya cikin ladabi, ladabin yana raguwa da kowane saƙo. Sannan kamfanin ya kira: jami'an kwastan na can sun ji wari, sun buɗe, sun tarar da kifi da wani baƙin abu da ya malale ko'ina, wanda ba a ambata ba. Ba a shigar da irin wannan ƙasarsu. Aka turo masa tambayoyi. Wane irin kifi ne? Ina shaidar likitan dabbobi? Baƙin abin nan, abinci ne ko man inji?

"Man inji!" in ji Maame Ekua, ta dafe ƙirji. "Shitona ne man inji?"

Shafin ya mayar wa Sindre kuɗinsa. Shi kuma ya bar sharhi a ƙarƙashin sunan Egya Kwamena, inda duk duniya za ta gani: mai sayarwa mutumin kirki ne, amma ya aiko da kifi.

Sai da damina ta wuce kwalin ya dawo, bayan an caje shi kuɗin dawowa da na ajiya. Kifin an ƙone shi a can. Kwalbar ta fashe tun a jirgi, shito ya bi kowane lungu na bututun begilar ya kwanta, ga kuma loɓawa a gefe. Egya Kwamena ya zauna a tsakar gida da ruwan zafi da tsumma da tsinken kwakwa yana sakace ta, hawaye na zuba. Maame Ekua ta ce yaji ne. Ba yaji ne kaɗai ba.

Da ya sake sa tallar, yatsansa ya daɗe a kan wayar. Ya waiga, ba kowa sai kaji. Ya goge manyan baƙaƙen nan, ya rubuta da ƙanana: "Ba na aikawa ƙasar waje." Ya gaya wa kansa cewa tsofaffin teburin dara ba sa leƙa shafin, kuma nasa dalilin daban ne.

Ba a yi mako ba saƙo ya shigo daga Lome ta ƙasar Togo. Wani malamin makaranta ne, Efo Komlan, mai koya wa ɗalibai badujala da kayan busa da suka sha faci. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya ce irin wannan begila yake mafarkin samu. Egya Kwamena ya fara rubuta bayani: shito, kifi, kwastan, likitan dabbobi. Ya karanta, ya ga babu mai hankalin da zai yarda, kuma duk wanda ya yarda zai yi masa dariya har Togo. Ya goge duka. Abin da ya rage ya aika: "Ba na aikawa ƙasar waje. Yi haƙuri."

Amsar ba ta jima ba. "Ko gaisuwa babu, Egya? Ni ɓarawo ne? Ka ga an rubuta Togo, shi ke nan ka rufe ƙofa."

Egya Kwamena ya ajiye wayar a hankali. Karo na farko ya ga Bajamushen nan a zuciyarsa, ba da ƙaho da wutsiya ba, sai a matsayin wani tsoho a tsakar gidansa da tsumma a hannu, yana goge wani abu da ya dawo masa daga nesa. Wa ya san irin kifin da shi ma ya taɓa aikawa?

Washegari da safe ya isa shagon Ebo kafin a shimfiɗa dara, ya hau kujera ba tare da an ce ya hau ba.

"Gyaran fuska, Egya?"

"Aske shi."

Ebo ya tsaya da tawul a hannu. "Ka rubuta?"

"Na rubuta. Har da 'yi haƙuri'."

Ebo ya leƙa waje ya ƙwala wa mutane kira, wai kada a ce an yi babban aiki ba shaidu. Aka taru har da mai sayar da dokunu. Aska ta bi sau biyu, abin da aka yi shekaru ana murzawa ya zube a tawul.

"Kai, Egya, ashe kana da leɓe!" in ji wani.

"Ku yi dariyarku," in ji shi, yana kallon baƙon da ke cikin madubi. "Bashi na ci, yau na biya."

Askin ya cika alkawari, amma bai kai begila Lome ba. Don haka ya rubuta wa Efo Komlan cewa har yanzu ba ya aikawa, kuma ba zai ƙara aikawa ba har ya mutu, amma in malam zai iya zuwa bakin iyaka a Aflao ranar Asabar, shi zai kawo ta da hannunsa.

Ya bi motar asuba zuwa Accra, ya sake wata zuwa Aflao, akwatin begila a kan cinyarsa, ya hana yaron mota ko taɓa shi. Ya sauka da la'asar, ƙafafu a kumbure, gwiwa na ƙara. A gefen masu canjin kuɗi ya ga wani siririn mutum da farar riga yana ta duba fuskokin masu sauka.

"Egya Kwamena? A hotonka na shafi akwai gashin baki."

"Ya riga ni tafiya. Ga kayanka, Efo."

Efo Komlan ya buɗe akwatin kamar mai buɗe zanen jariri. Ya zaro nasa bakin begilar daga aljihu, ya ɗaura, ya ja numfashi ya busa. Muryar ta fito garau, ta haye hayaniyar 'yan acaba da masu dako, har wani jami'i ya juyo. Rabon Egya Kwamena da jin wannan murya tun mahaifinsa na da rai. Ƙwalla ta cika masa ido. Da ya dubi malamin, sai ya ga shi ma idanunsa sun yi ja, hawaye na bin kumatunsa.

"Ta taɓa ka, ko?" in ji Egya Kwamena. "Haka take yi wa mutane tun zamanin Baba."

Efo Komlan ya yi atishawa har sau uku, ya kama harshensa yana fifita shi da hannu. "Egya, me aka zuba a cikin begilar nan? Wuta ce a bakina!" Ya share ido, ya rungume ta duk da haka. "Ba komai, ina so. Amma don Allah gaya mini, mutumin da zai yi wannan doguwar tafiya saboda baƙo, me ya sa ya rubuta mini waccan magana?"

Egya Kwamena ya kai hannu zai shafa gashin baki, ya tarar da fili. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro abin da Maame Ekua ta cusa masa da asuba, naɗe a cikin leda da tsumma, mai ya riga ya fara tsatsafowa ta gefen murfi.

"Ga dalilin," in ji shi, ya danƙa masa kwalbar. "Matata ta ce a gaishe ka da iyali."